Ra'ayina kan LawHub: wurin koyon soke amsoshin tarko

LawHub manhaja ce ta LSAC, hukumar da ke shirya LSAT, jarrabawar shiga makarantun lauya a Amurka da Kanada. Tambayoyin da ke cikinta na jarrabawowin baya ne na gaske, shi ya sa na zaɓe ta. Tun watan Agustan 2024, biyu daga cikin sassa uku da ake ba maki na auna hujja ne, wato a ba ka gajeren nassi mai kafa hujja a yi maka tambaya a kansa, don haka a nan ake ci, a nan ake faɗuwa.

Sashe ɗaya minti 35 ne, tambayoyi wajen 25, kowacce da zaɓi biyar. Bai kai minti ɗaya da rabi ba ga kowace tambaya. Babu lokacin zaman tsefe kowane zaɓi, sai dai ka yi ta korar na banza. Manhajar tana ba ka damar soke zaɓin da ka ƙi, idonka ya daina komawa kansa. Ƙaramin abu ne, amma ya fi komai burge ni.

Sai da na yi ta bita sannan na fara gane fuskokin tarkon. Za a ce duk wanda ya ci jarrabawa ya yi karatu, wani ɗalibi kuma ya yi karatu. Zaɓi ɗaya zai ce ashe ya ci ke nan. Soke shi! An juya maganar ce, ai ana karatu a faɗi. Wani zaɓin zai ce "kullum" alhali nassin "wani lokaci" ya ce. Wanda ya fi wayo shi ne mai faɗin gaskiya tsantsa, amma gaskiyar da ba ita aka tambaya ba.

Akwai wani kwas da na taɓa bi a intanet, malamin ya ce da ka ga "kullum" ko "duka" ka soke kawai. Bitar nan ta nuna mini ba haka ba ne: idan an nemi abin da zai ƙarfafa hujja, sau da yawa zaɓi mai kaifin nan ake so.

Shawarata, kada ka soke zaɓi sai ka iya nuna kalmar da ta ɓata shi. Idan ka kori uku, cankenka ya tashi daga ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin biyu, kuma LSAT ba ta rage maki kan kuskure, don haka kada ka bar tambaya babu amsa.