Canjoba mai amfiya 63 da janareta 3.5 kVA: sharhi bayan wata takwas a Nima

Wata takwas ke nan ina amfani da makunnin sauya layi na hannu, wanda masu wayarin ke kira canjoba, haɗe da janareta na fetur mai 3.5 kVA a gida mai ɗaki uku a unguwar Nima da ke Accra. Duk wanda dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ta sa shi neman janareta, ya saka kuɗin canjoba a lissafi tun ranar farko.

Akwati ne na ƙarfe mai hannu ɗaya da mazauni uku: sama wutar kamfanin lantarki na ECG, tsakiya a kashe, ƙasa janareta. Ana ɗaura shi tsakanin mita da allon rarraba wutar gida. Amfaninsa shi ne ba yadda za a yi layukan biyu su haɗu. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne wayar nan mai filogi biyu da wasu ke sokawa daga janareta zuwa soket ɗin bango maimakon canjoba. Wutar janareta na bin layi ta fita waje, taransifoma ta ɗaga bolt 230 zuwa dubbai, ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara ya taɓa wayar da yake zaton matacciya ce. In kuma aka dawo da wuta injin na aiki, kwayil ɗinsa na iya ƙonewa nan take. A gidan haya da ake raba mita ɗaya, har ɗakin maƙwabci wutar ke shiga.

A sayi canjoba mai yanke waya biyu, mai wuta da nutural tare. Daga injin zuwa akwatin waya mai milimita 4 mai jijiya uku aka sa mini, tsawon mita 15, kuma ko ɗumi ba ta yi. A duba cikinta jan ƙarfe ne zalla, don akwai alminiyon da aka shafa wa launi. A ɗaure jikin injin da sandar at, wato ƙarfen da ake kafawa don ya kai wuta cikin ƙasa. Aikin na mai wayarin da ke da lasin Hukumar Makamashi ta Ghana ne, kamar yadda dokar wayarin ta 2011 ta tanada.

Wajen ɗaukar kaya, 3.5 kVA bai wuce wat 2,800 ba. Firji, fanka huɗu masu wat 70, talabijin da ƙwayayen LED duk yana jan su ba gardama. Firji kan ja ninki uku ko fiye lokacin tashi, don haka shi ake fara kunnawa. Dutsen guga, butar dafa ruwa da iyakwandishan a bar su a kashe. Buta kaɗai wat 2,000 take ci. Da injin ya canza murya, ƙwai suka dushe, kaya sun yi masa yawa.

Tsarin kunnawa: a kashe birekoki, wato makunnan da ke allon rarraba wuta, a tayar da injin ba kaya, a ba shi minti biyu, a ja hannun canjoba ƙasa, sannan a ɗaga birekoki ɗaya bayan ɗaya. Wajen kashewa a fara cire masa kaya.

Aibi biyu na gani a jikin canjoba. Ba shi da fitilar da ke nuna an kawo wuta, sai mutum ya yi ta ƙona fetur unguwa na haske. Ƙaramin ƙwai a ɓangaren ECG ya magance wannan. Na biyu, sukurorin da ke riƙe waya sun saki bayan wata biyar, wajen ya yi zafi har robar ta yi baƙi tana ƙauri. Mai wayarin ya riƙa ɗaure su a kai a kai.

Matsalar Nima ita ce wuri. Lunguna a matse, tagogi na kallon juna, ga tsoron ɓarayi, sai a ja injin cikin zaure. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mai barci. A ajiye shi a fili, mita 6 daga ƙofa da taga, salansa na kallon waje, da rumfar kwano da sarƙa da kwaɗo. Baƙin mai kuwa a juye bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 50 zuwa 100, kuma kada a zuba fetur sai injin ya huce.