Inda Ake Kai Sharar da Kwandon Ƙofar Gida Ba Ya Karɓa a Hamburg

Assalamu alaikum Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya a gida. Ka tambaye ni yadda mutanen Jamus suke yi da shararsu, kuma na san abin da aka fi ba ku labari shi ne kwandunan nan masu launi da ke ƙofar kowane gida. Bayaninsu ba shi da tsawo: a nan Hamburg shuɗi na takarda ne, ruwan ɗorawa na leda da gwangwani da roba, kore na ɓawon kayan miya da ganyaye, baƙi kuma na ragowar. Abin da ya fi cancantar ka sani shi ne makomar kayan da babu kwandon da ke karɓarsu, kamar batir da fenti da baƙin mai da katifa da firjin da ya mutu.

Ƙa'idar da aka gina tsarin a kanta ita ce, wanda ya sayar da kaya yana da alhakin karɓarsa idan ya ƙare aiki. Duk kantin da ke sayar da batir dole ne ya ajiye akwatin da za a jefa tsofaffi kyauta. Mai sayen sabon batirin mota, idan bai zo da tsohon ba, sai an riƙe masa yuro bakwai da rabi, ba zai karɓi kuɗinsa ba sai ya kawo tsohon. Mai sayar da man inji ma wajibi ne ya karɓi baƙin mai gwargwadon abin da ya sayar. Tun daga watan Yuli na 2022, manyan kantunan abinci da ke sayar da kayan lantarki suna karɓar ƙananan na'urori da tsawonsu bai wuce santimita 25 ba, ko da mutum bai sayi komai ba. Robar lemo da gwangwaninsa kuwa tun 2003 aka ɗora musu kuɗin ajiya, wanda yanzu rubu'in yuro ne a kan kowane ɗaya. Za ka tura robar cikin injin da ke bakin kanti, ya jujjuya ta ya karanta lambarta, sannan ya fitar maka da takardar da za a rage maka kuɗi da ita wajen biya.

Abin da ya fi ƙarfin kanti sai a kai shi wuraren tattara kaya na hukumar tsaftar birni, waɗanda ake kira Recyclinghof, guda 12 ne a Hamburg. Ma'aikaci sanye da kaya ruwan lemo zai tsayar da kai a ƙofa, ya leƙa bayan motarka, ya nuna maka kwantenar katako da ta ƙarfe da ta kayan lantarki. Fenti da maganin ƙwari da dogon ƙwan lantarki ba a yarda ka jefa da kanka ba, sai ka miƙa su hannu da hannu. Yawancin wannan kyauta ne, sai irin su tayar mota da ɓaraguzan gini ake biya wa. Tsananin yana da dalili, domin batirin waya yakan kama da wuta idan motar shara ta matse shi, dogon ƙwan lantarki yana ɗauke da zaiba, firji kuma yana da iskar da ake zuƙewa kafin a farfasa shi.

Sai dai tsarin ya fi yi wa mai mota daɗi. Tsohuwar da ke zaune a bene hawa na huɗu, idan katifarta ta tsufa, dole ta nemi a sa mata rana, ta jira, sannan ta biya kuɗin ɗauka. A wannan fanni gida ya fi, kuma ina faɗin haka da gaske. A Kano ɗan gwangwan ne zai zo har ƙofa da kurarsa, ya auna ƙarfen, ya biya ka. Fankar da ta tsaya tana da mai gyara a bakin titi, alhali a nan kuɗin gyara sau da yawa ya fi na sabuwa, shi ya sa ake zubar da kayan da sauran amfaninsu. Hukumar tana da kantin gwanjo mai suna Stilbruch inda take sayar da kujeru da kwanukan da ta tsamo da sauran kyansu, amma wannan bai kai yadda 'yan jari bola suke tsince komai ba.

Inda muka gaza shi ne kayan da ke da guba, kuma wannan ne yake damuna. Batirin sola ya yawaita a gidajenmu, idan ya mutu kuma yara matasa ne suke fasa shi da hannu don ciro dalma, su tsiyayar da ruwansa a ƙasa. Dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito, illarta a jikin yaro ɗaya ce. Haka ake ƙona waya don ciro jan ƙarfe, a kuma juye baƙin mai a kwata kusa da rijiya.

Wani ɓangare na wannan kaya daga nan yake tasowa. A titin Billstrasse na Hamburg ana loda tsofaffin firji da talabijin a kwantena zuwa Legas da Tema ta ƙasar Ghana. Tun 2015 dokar Jamus ta ɗora wa mai fitar da kayan nauyin tabbatar da cewa suna aiki, amma matattu suna ci gaba da sulalewa a tsakanin masu rai. Don haka, Yaya, kada ka sayi irin wannan kaya sai an jona shi da wuta a gabanka. Batiran solar gidanka kuma idan lokacin canjinsu ya yi, ka sa sharaɗi ga mai sayar maka da sababbi ya tafi da tsofaffin a rufe, ka tambaye shi inda zai kai su, kada a bar su a zaure inda yara suke wasa.