Wa ke da ta cewa a saitunan manhajarka? Duba wannan kafin ka zaɓi kayan aiki

A ce ka rubuta wa mai kantin magani a bakin Kasuwar Dole manhajar lissafin kaya. A kwamfutarka adireshin rumbun bayanai daban, a tasa daban. Ga shi ƙima ɗaya tana iya fitowa daga wurare huɗu: wadda ka rubuta cikin ajin saituna (sashen lambar manhaja da ke riƙe da su), fayil, muhallin na'ura (ƙimomin da aka ajiye a tsarin kwamfutar kanta), da layin umarni (abin da kake bugawa lokacin tayar da manhajar). In suka saɓa, wa za a bi? Amsar nan ita ce abin dubawa tun kafin sunan kayan.

Mai aiki da harshen Java yana da Spring Boot, kayan gina manhaja. Layin umarni ya fi muhalli ƙarfi, muhalli ya fi fayil ɗin application.properties. Abin da ya fi burge ni shi ne Actuator, wani sashe na Spring Boot, wanda ke nuna inda kowace ƙima ta fito. Sai dai Spring Boot 3 ba ya tashi sai da Java 17, kuma tsohuwar kwamfutar kanti za ta ji nauyinsa.

A .NET na Microsoft kuwa, wanda aka ɗora daga baya shi ke danne na farko: appsettings.json, sai muhalli, sai layin umarni.

Ni dai ga ƙananan ayyukanmu na Damagaram, pydantic-settings na Python nake zaɓa. Aji guda za ka rubuta, kowane saiti da irinsa: wannan lamba, wannan rubutu. Abin da ka miƙa wa ajin kai tsaye shi ne gaba, sai muhalli, sai fayil ɗin saituna na .env, ƙimar asali a ƙarshe. In wani ya sa harafi inda ake son lambar ƙofa 5432 ta rumbun bayanai na PostgreSQL, manhajar za ta ƙi tashi nan take, ta faɗi sunan saitin da ya ɓaci. Gara haka da ta tsaya da rana tsaka, mai ciwo na jiran magani.

Masu ajiye saituna a wata saba (babbar kwamfuta) ta nesa, irin Consul ko Spring Cloud Config, na manyan ma'aikatu ne. Inda rezo ke ɗaukewa, kada buɗe kanti ya rataya a kan intanet. Kalmar sirri kuma kada ta shiga Git, ma'ajiyar lambar manhaja, ko da wasa. Ka bar ta a fayil ɗin .env na na'urar mai kantin, ka sa sunan fayil ɗin a .gitignore, jerin fayilolin da Git zai tsallake, tun ranar farko.