Makirufo Sennheiser e835 ga mawaƙi mai sanyin murya

Mawaƙin da muryarsa ba ta da ƙarfi yana fama da matsala guda a kan dandamali: da zarar an ƙara masa sauti, sai lasifika ta fara ƙugi. Ga irin wannan mawaƙi na fi ba da shawarar makirufo Sennheiser e835, wadda farashinta bai yi nisa da na Shure SM58 ba, amma ta fi ta jin sauti, domin a kan ƙarfin sauti iri ɗaya tana fitar da wuta milibolt 2.7 inda SM58 ke fitar da kusan 1.85. Ba ta buƙatar wutar bolt 48 irin ta nau'in makirufo da ake kira kwandensa. Sai dai tana iya kaifafa harafin "s", kuma dole mawaƙin ya kusantar da ita ga leɓɓansa, kada ya rufe kan makirufon da tafin hannu.