Idan Za Ka Rage Nama: Wake, Awara Ko Gyaɗa?

Duk wanda likita ya ce wa ya rage jan nama saboda hawan jini, ko kuwa tumbi ne ya fara hana shi sunkuyawa ya ɗaure takalmi, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: to me zan ci? A Gombe tambayar tana da nauyi, domin gari ne da ba a sallamar baƙo sai an sayo masa tsire ko balangu, miyar da babu tsoka a cikinta kuwa kallon miyar ƙarshen wata ake yi mata. Ni ba na cikin masu cewa a yi ban kwana da nama gaba ɗaya. Ranar suna zan ci, ranar layya zan ci har da soye. Maganata a kan tukunyar yau da gobe ce, wadda za a mayar da rinjayenta ga hatsi da wake da ganye, nama ya zama na jefi-jefi.

Dalilin yin hakan ba ɓoyayye ba ne. A 2015 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya naman da aka sarrafa, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, ya kuma ce akwai yiwuwar jan nama ma yana da hannu. Hukumar tana son babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Wanda ya saba da tsire da yajinsa da maginsa kowane dare ya san inda lissafinsa ya tsaya.

Abin da jiki zai nema idan nama ya ja baya shi ne sinadarin gina jiki, wato furotin. Mai zaman ofis yana buƙatar wajen giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 70 ke nan giram 56 a rana. Samarin da ke gudu a filin wasa na Pantami ko masu ɗaga ƙarfe suna buƙatar fiye da haka. Da wannan ma'aunin nake duba kowane zaɓi, sai ƙosarwa, sai aljihu. Akwai kuma ma'auni na huɗu wanda a wurina ya rinjayi sauran: in san abin da aka zuba wa abincin kafin ya shigo gidana.

Zaɓina wake ne, ba zan ɓoye ba. Giram 100 na busasshen wake, abin da bai cika gwangwanin madara ba, yana ɗauke da furotin kusan giram 24, ga sinadarin ƙara jini, ga ɓawon da ke gyara bayan gida yana kuma hana suga hawa da sauri. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, mu a nan kuma ba sai an kawo mana daga nesa ba. Wanda ya shiga kasuwar Tudun Hatsi a watan Disamba ya ga buhuna sun kai rufi ana loda wa tireloli zuwa kudu ya san haka. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne yadda yake zama da hatsi. Furotin ɗin gero da dawa da masara yana da giɓi a wani sinadari da wake ke da shi a wadace, shi kuma waken abin da ya rasa yana cikin hatsi. Saboda haka garau-garau, ko ƙosai da koko, ko tuwo da miyar wake, cikakken abinci ne, ba na maneji ba kamar yadda ake ɗauka.

Kuma ba ya gundura idan uwargida ta san hannunta. Yau alale, gobe faten wake da alayyafo ko zogale, jibi ɗanwake. A wajen mai son rage ƙiba alale ya fi ƙosai, tunda turara shi ake yi, shi kuwa ƙosai mai yake sha. Ɗanwaken kan titi ku yi hattara da shi: yawancinsa fulawa ce ko garin rogo, waken suna kawai ya ara, sai kanwa da aka labta don ya yi santsi. Kanwa idan ta yi yawa tana lalata bitamin B1 da ke cikin waken. A gida a niƙa wake da yawa, rogo kaɗan, kuka, kanwa ɗan mitsitsi. Game da iri, ni na fi son kanannado don girman ƙwayarsa da zaƙinsa a shinkafa da wake. Ƙananan farare sun fi arha kuma sun wadatar wajen ƙosai da alale, tunda surfe su za a yi.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne kumburin ciki da iska, kuma gaskiya ne. Maganinsa a jiƙa waken tun dare, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi luguf. Kada mutumin da ya shekara yana cin wake sau ɗaya a mako ya wayi gari yana ci safe da dare. A riƙa ƙarawa sannu a hankali, cikin 'yan makonni hanji zai saba.

Waken suya a takarda ya fi wake, furotin ɗinsa ya haura giram 35 a cikin 100, kuma cikakke ne. Maganar da ake yaɗawa a majalisa cewa yana rage wa namiji ƙarfi, binciken da aka yi a kan maza bai tabbatar da ita ba. Matsalata da awara kasko ne. Ku tsaya kusa da mai suya da yamma ku dubi man: ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, na jiya ne aka ƙara wa sabo a kai. Awara kuwa tsotse mai take yi. Wanda ya bar tsire ya koma cin wannan kullum, ban ga ribar da ya ci ba. Idan za a yi a gida da ruwan tsami, a yanka a jefa cikin miya ko a gasa, na yarda da ita, sai dai aikinta da yawa kuma ba ta jure zafi. Idan babu wuta, kwana ɗaya ta yi yami.

Gyaɗa kusan rabinta mai ne, don haka abin haɗi ce a miyar taushe ko kwaɗo, ba abin cika ciki ba ga mai faɗa da tumbi. Ƙuli-ƙulin kasuwa kuma ina ɗari-ɗari da shi, domin gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yanƙwane, wadda ba za ta sayu a tire ba, sau da yawa can take ƙarewa. Fumfunar tana haifar da gubar afalatoksin mai lahanta hanta, suya ba ta kashe ta, haɗarin kuma ya fi yawa ga mai ciwon hanta nau'in B. Gurjiya tana da kyau amma tana cin gawayi. Ridi a barbaɗa a kwaɗo, shi ke nan.

Ganye ba abokin takarar wake ba ne, abokin tafiyarsa ne. Zogale, rama, yakuwa, tafasa, alayyafo, ga kayan lambun da ke fitowa daga Kwadon da Dadin Kowa da rani. Masu cewa zogale kaɗai ya isa ya maye nama sun zuzuta. Sai ka ci tulinsa kafin ka samu abin da ludayin wake zai ba ka. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe: sinadarin ƙara jini na tsirrai ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Matsa lemun tsami ko yanka ɗanyen tumatir a kai yana taimakawa, shan shayi a kan abincin kuwa yana tauye shi, sai a ba da tazarar awa guda.

Ƙwai da nono da kifi kada a sake su. Bitamin B12 ba ya cikin wake, ba ya cikin zogale, sai abin da ya fito daga dabba, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini da mutuwar yatsu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne na furotin. Nono a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar, a kuma san mai tallan, don ana tsinka shi da ruwa a ɗaure da garin kuka. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda, da wanda ke kan maganin suga, su ga likita kafin su juya abincinsu. Garin furotin na roba da shayin rage tumbi da ake tallatawa a WhatsApp kuwa, kuɗin roba ɗaya zai saya maka wake mudu da yawa; wanda babu lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC a jikinsa ma ba abin tattaunawa ba ne.

Yanzu ga inda waken nawa yake da aibi, kuma aibin ba ƙarami ba ne. Ƙwaro yana son wake fiye da yadda muke son sa. Wata biyu ko uku a buhun banza sai ka ga ramuka da gari. Ɗan kasuwar da ya saya da kaka yana jiran farashin damina dole ya kare jarinsa, marasa tsoron Allah a cikinsu kuma hanya mafi arha suke bi: su yayyafa Sniper ko fiya-fiya kai tsaye a kan waken, ko su jefa ƙwayar da ake kira bom tsirara cikin buhu, ba tare da an naɗe ta ba balle a jira ta gama fita. Sinadarin da ke cikin Sniper, dikulobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, bayan an samu wasu samfura sun ninka ƙa'ida sau ɗaruruwa. A ƙarshen 2018 bidiyon masu zuba shi a wake ya karaɗe wayoyi, a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Duk da haka ba a daina ba. Turawa sun ƙi saye, waken bai koma gona ba, cikinmu ya shiga.

Ni ya taɓa cin gidana. Wata damina aka auno mana wake fari tas, ko rami ɗaya babu, har uwargida tana yaba mai shagon. Da aka ɗora, tururin ya fito da wani wari kamar ɗakin da aka yi wa feshin sauro. Yaran da suka riga suka ci sun kwana amai da murɗar ciki, ƙaramar sai da aka ƙara mata ruwa. Da na koma, mutumin ya rantse shi ma haka ya saro. Wataƙila gaskiya ya faɗa, domin buhu yakan bi hannu da yawa kafin ya iso mudu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga nan ba na sayen wake da ido kawai.

Idan za ka auna, tura hannu can cikin buhun, kada ka tsaya a saman da aka yi wa kwalliya. Ɗebo, murza a tafin hannu, ka shinshina. Wake ƙamshin ƙasa da ɓawo yake yi. Duk wani wari mai kama da kananzir ko tafarnuwa ko maganin sauro, ajiye ka wuce. Duba ko akwai farar hoda mai toka-toka da ke manne wa yatsa, ragowar bom ke nan. Duba gindin tire: matattun ƙwari birjik babu mai motsi ko ɗaya alama ce. Daga Yuni zuwa Satumba, waken da ke buɗe a kasuwa amma yana sheƙi babu huda ko ɗaya, tambayi yadda aka adana shi, ka kuma dubi fuskar mai amsawa. Ni a wannan lokacin na gwammace wanda na ga ƙwaro biyu-uku suna yawo a kai, in shanya a rana in sheƙe. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna rage magani, amma ba su da tabbacin cire shi duka, don haka wanda ya yi wari kada a ce za a gyara shi a tukunya, kada kuma a zuba wa kaji. Sai mudun kansa: akwai wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, akwai mai auna maka da hannu a karkace. Ɗaga shi ka juya kafin a fara awo, ba rashin kunya ba ne.

Hanyar da ta fi kwantar mini da hankali ita ce saye da kaka, Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da sabon wake ke shigowa daga ƙauyuka, farashi ya sauka, ba a kuma kai ga zuba masa komai ba. A shanya ya bushe ƙayau, har idan ka ciza ƙwaya ta fashe da ƙara. Mai sayen kaɗan ya cika jarka har wuya ya toshe bakin da leda kafin murfi. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Jarkar man gyaɗa da aka wanke ta bushe, ba wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. Mai sayen buhu ya nemi buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Shi ma an fara yin jabunsa da ledar da ba ta da kauri. Kafin ka biya, zaro ledojin ciki, ɗaga su a hasken rana ka duba ɗinkin gindi, sannan ka cika ɗaya da iska ka murɗe bakin ka danna. Idan ta sace, akwai huda. A ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa kwance shi kullum. A ɗebi na wata guda a jarka, a mayar a ɗaure.