Robar wuya ko robar ciki: wacce ta fi saurin kama cuta?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce an sa masa roba a wuya ana kai shi wankin ƙoda, kuma kin ji akwai wanda ake yi a gida ta ciki, kina so ki san wanne ya fi sauƙin kiyayewa daga ƙwayoyin cuta.

Robar wuya bakinta yana cikin babbar jijiya kusa da zuciya, don haka duk ƙwayar da ta bi ta, jini ta nufa kai tsaye. Ta ciki kuwa a cikin kogon ciki take, ana zuba ruwan magani kamar lita 2, ya jima, a zubar, yawanci sau 4 a yini. Cutarta kumburin rigar hanji ne. Ta jini ta fi saurin kayar da mutum, ta ciki kuma ta fi samun ƙofar shiga, tunda kullum ana buɗe ta.

Shi ya sa kulawarsu ta sha bamban. Ta wuya, aikinku a gida shi ne kada kowa ya taɓa. Ma'aikatan wankin ne kaɗai ke buɗe murfinta. Bandejin ya zauna a bushe, kuma a nan ake shan wahala da zafin Afrilu, gumi ya ɗaga filasta. Kada a kwara masa ruwa daga ka, a goge jiki da tawul. Batun wankan ibada a tambayi malami, akwai rangwame ga majinyaci.

Ta ciki, komai a hannunku yake. Kafin a haɗa jakar ruwa a rufe taga, a kashe fanka, a fitar da yara da kyanwa, mai haɗawa da majinyaci su sa takunkumi domin ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka fi addabar irin waɗannan robobi a hanci take zama. A wanke hannu da sabulu, a busar ƙayau. In bakin robar ya taɓa yatsa ko zani, a tsaya a kira asibiti, kada a ce ai ɗan kaɗan ne. Wurin da robar ta fito ana tsaftace shi a shafa man da likita ya rubuta, irin su mupirocin ko gentamicin, a ɗaure ta kada ta riƙa lilo. Bushewar ciki ma haɗari ce, a lura da bayan gidansa. Sai ki auna duk wannan da ƙurar hunturu a gidan yawa.

Alamominsu: ta wuya, zazzaɓi da rawar ɗari, musamman lokacin wanki ko bayansa. Ta ciki, ciwon ciki, ko ruwan ya fito kamar na wankin shinkafa. A ɗora jakar ruwan da ya fito kan jarida, in rubutu bai karantu ba, a tafi asibiti da jakar a ranar. Mu nan Kano kowane zazzaɓi maleriya ne, sai a wuce kemis. Mai roba ba ya zuwa kemis, sashen wankinsa ake kai shi.

A ganina, wankin gida sai mai ɗaki na musamman da tabbacin ruwan ba zai yanke ba, ga shi bai yaɗu a ƙasar nan ba, yana da tsada da wuyar samu. Robar wuya kuma ba ta dindindin ba ce. Ki tambayi likitan ƙodarsa, a asibitin Malam Aminu Kano ko inda kuke zuwa, batun haɗa jijiya a hannu, wato fistula. Ita ce mafi ƙarancin kama cuta, amma tana ɗaukar kamar mako 6 zuwa 8 ko fiye kafin ta nuna har a iya wanki ta cikinta, don haka a fara maganar tun zuwanku na gaba.