Sashen likitocin jini na wani asibitin koyarwa a Kano, abin da muka gani

Ƙanwata ce ta fara haɓo ba ƙaƙƙautawa, in ta goge baki sai buroshin ya yi jajir, ga wasu ɗige-ɗige ja a ƙafafunta kamar an watsa barkono, mu kuma muna ta zaryar kemis ana ce mana maleriya ce ko taifot, har diclofenac aka ba ta, ashe ƙara tsananta zubar jinin yake.

Da muka je sashen jini gaskiya sun burge ni. Likitar ta sa aka yi gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, ta duba jinin da kanta a madubin lab, ta zaunar da mu ta ce Baba ku kwantar da hankali, ITP ce, wato garkuwar jikinta ce ke cinye filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000, nata ko 20,000 bai kai ba. Sai da ta sa muka zazzage duk magungunan da ke jaka a kan tebur ta bi su ɗaya bayan ɗaya, don wai kwinin ma kan jawo irin haka. Aka ɗora ta kan prednisolone, aka hana ta asfirin da ibuprofen.

Inda suka gaza shi ne layi wallahi, rana ɗaya tak suke ganin marasa lafiya a sati, mun zo bayan asuba ba mu shiga ba sai azahar, kujeru ma ba su isa ba. Duk da haka in kun ga irin waɗannan alamun ku nufi can kai tsaye. Ita dai yanzu haɓon ya tsaya, Alhamdulillah.